Tsayuwar Solange a Mararraba

Doka ɗaya Odile ta kafa musu tun ranar farko, kafin kowa ya ɗora ƙafa a fedar keke, ta kuma yi ta nanata ta har mutane suka fara ƙosawa. In ka iso mararraba, ka tsaya. Ba ruwanka da na gabanka, shi ya riga ya wuce. Naka shi ne na bayanka. Ka jira shi ya ɓullo, ya ga inda ka nufa, ya ɗaga maka hannu, sannan ka tafi, shi kuma ya gaji tsayuwar. Odile ita ce ja-gorarsu, 'yar siririya da rana ta ƙone wa hanci, ba ta ɗaga murya amma ba a ja da ita. Ta ce a duwatsun Queyras ba ta da idon da zai ga ayarin masu keke a warwatse kan gangara, don haka kowa zai zame wa wani ido.

Kowa ya karɓa ban da Bastien, mijin Solange. Shi fa mutum ne da ya ƙare aikinsa yana koyar da motsa jiki a wata sakandare a Grenoble, kuma tunda suka yi aure bai taɓa ganin bayan Solange a kan keke ba, ita ce ke ganin nasa. Sai ga shi a sanyin bara ciwon zuciya ya kayar da shi a bakin gidan burodi, likitoci suka buɗe ƙirji suka yi abin da za su yi. Da ya warke aka ce ya hau keke, amma a hankali. A hankali! Wa ya ga Bastien da a hankali? Odile ta yi masa tayin keke mai batir, ya dube ta kamar ta zage shi. To ga shi nan, kullum shi ne na ƙarshe a hawa, Solange na gabansa, ita ce mai jiransa a kowace mararraba. Kuma ko sau ɗaya bai ɗaga mata hannun nan ba. Sai ya ɓullo kai a sunkuye, yana haki, ya ce ta wuce mana, me take kallo.

Abu na biyu da Odile ta faɗa a ranar farkon shi ya hana Solange cin abincin kirki. Karnukan tumaki. Tunda kyarketai suka dawo duwatsun nan babu makiyayin da ke hawa ba tare da patu ba, fararen karnukan nan masu girman maraƙi da ake raino cikin 'yan tumaki har su ɗauka su ma tumaki ne. Ba su san wasa ba. Wanda ya taho a guje kan keke, ba ƙara, da hular kwano da baƙin tabarau, a wurinsu ba mutum ba ne. In kuka haɗu, in ji Odile, ka sauka, ka sa keke tsakaninka da shi, ka cire tabarau ya ga fuska, kada ka zuba masa ido, kada ka yi ihu, kada ka kuskura ka gudu, ka yi ta masa magana a hankali har ya gaji da kai. Joris, wani ɗan Beljiyam mai shegen surutu da ke cikin ayarin, ya tambaya to me ake ce wa kare. Odile ta ce ko miyar albasa ce ka koya masa. Aka yi dariya. Bastien ya zunguri matarsa ya sanar da jama'a cewa ga wadda ke tsallaka titi saboda karen maƙwabciyarsu da bai fi takalmi girma ba. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne tabon da ke bayan cinyarta tun tana ƙarama, inda karen gonar kakanta ya kama ya ƙi saki.

Kwanaki suka tafi lafiya. A hau, a gangara, a kwana a masaukan kan dutse, a ci miya da cuku da burodi mai tauri, a shanya safa kusa da murhu. Tumaki daga nesa kawai ake hango su, fari-fari a wancan gefen kwari, kuma duk sanda aka hango su sai Solange ta tuna da karnukan. Ranar da abin ya faru kuwa tun safe ta soma a karkace. Wata mata a ayarin ta faɗi ta karya wuyan hannu, dole Gaël, mataimakin Odile da ke bin bayan kowa, ya sauka da ita ƙauye. Daga nan Bastien ya zama na ƙarshe na gaske, babu kowa a bayansa.

Da rana ta karkata suka isa saman, inda hanya ke ƙetare dutsen, suka tarar hadari ya riga su. Gajimare na hawowa daga kwari, tsawa na gurnani can yamma. Bastien ya iso yana tura keke, leɓɓansa sun yi wani launi da Solange ba ta so, ya ce fitsari zai yi, ya zaga bayan wani dutse. Ta san ƙarya ne, magani zai haɗiya ya kuma ɓoye hakinsa. Odile ta dubi sama, ta tara sauran ta ce ba za su tsaya nan tsawa ta same su a fili ba, yanzu za a gangara. In an kai tarin duwatsun da aka jera don alama, a yi dama. Ta hagu ita ce tsohuwar hanya, mai faɗi, ita ce ke miƙewa sosai a gaban mutum, amma ƙasa ta zaftare da ita bana lokacin da ƙanƙara ta narke, ba nisa da mararrabar. An gitta igiya, sai dai kada wanda ya dogara da igiya. Ta kama hannun Solange ta ce ta gaya wa maigidan, ta kuma bar shi ya ɗan huta kafin ya biyo. Sai ta hau ta yi gaba, ayari ya bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Da Bastien ya fito, Solange ta soma gaya masa cewa a tarin duwatsu dama za a yi, Odile ta ce... Bai bari ta kai ba.

"Solange, na bi hanyar nan tun ba a haifi yarinyar nan ba. Ki tafi abinki. Kuma wallahi kika ƙara tsaya mini a mararraba kina leƙe na kamar mai raino, gobe da safe in hau motar gida."

Ai kuwa ranta ya ɓaci. Wata da watanni tana jera masa magani, tana kasa kunne ga numfashinsa, tana yi kamar ba ta gani ba in ya dafa bango, sakayyar ke nan. Ta ce masa ya yi yadda ya ga dama, tsoho mai taurin kan tsiya. Ta buga takalminta na keke, irin mai kama feda, ya maƙale, ta saki birki. Maganar zaftarewar ƙasa ta tafi da ita a baki.

Ba ta yi nisa ba hazo ya rufe. Ba ta ganin komai sai tayarta ta gaba da 'yar hanyar da ke ɓullowa a ƙarƙashinta, duwatsu a jiƙe, santsi ko'ina. Fushin ya ɗan raka ta, sannan ya sauka, ya bar ta da abin da ba ta faɗa ba. Sai labarin nan ya faɗo mata, wanda Bastien ya ba su jiya a kan abinci, wanda ta ji har ta haddace: yadda yana saurayi ya sauko wannan dutse, ya bi hagu a tarin duwatsu, ya saki birki bai ƙara taɓa shi ba har bakin rafi. Hawa ne ya gagari Bastien yanzu. Gangara kuwa har gobe babu mai kama shi a ayarin nan.

Ta tarar da Joris a mararrabar, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana waige-waige, surutun nan duk babu. Kafin ta gama ɗaga masa hannu ya yi dama ya ɓace. Sai da ƙarar tayarsa ta mutu ta ji abin da ya kore shi. Ƙararrawa, da yawa, ta ko'ina, da kukan tumaki. Ashe an sauko da garke saboda hadarin. Sannan ta ji haushi guda ɗaya, mai kauri, kusa.

Ba ta yi shawara da kanta ba, ƙafafunta ne suka yanke. Ta tsinci kanta tana bin bayan Joris, tana taka feda a gangara kamar mahaukaciya, abin da aka ce kada a yi shi ne daidai take yi. Ta sha kwana, ta ƙara shan wata. A ta gaba ta damƙe birki da hannu biyu, keken ya tsaya cak, ta manta takalminta a maƙale yake, ta kife gefe guda cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da keken a kanta.

A kwancen nan babu dabarar da ba ta kawo wa kanta ba. Ai akwai igiya. Ai ya ji ta ce dama. Ai shi da bakinsa ya ce kada ta tsaya, ba yaro ba ne. Ta zaro waya, babu sabis ko ɗigo. Ta sake bin dalilan nan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya riƙe ta, don ta san mijinta. Dama da ya ji daga bakinta ita ce ma za ta sa ya yi hagu. Ta warware ƙafarta daga fedar, ta tashi, ta juya keken ya fuskanci sama. Tsoro take ji, kuma kowane taku kusantar da ita yake yi da haushin nan. Haka ta tura keken tana hawa, haƙoranta na haɗuwa.

Da ta kai tarin duwatsun, abu na farko da ta nema igiya ce. Tana nan, a ƙasa, tumaki sun tattake ta cikin laka, ɗan jan ƙyallen da aka ɗaura mata ya koma baƙi. Sandar da aka kafa ta karye. Solange ta sunkuya tana duba bakin hanyar hagu ko akwai sawun taya. Kofato ne kawai. Bai wuce ba tukuna. Ta miƙa hannu za ta ɗaga igiyar ta ga inda za ta ɗaura, sai tumaki suka fara fitowa daga hazo, suna wuce ta dama da hagu, jiƙe, suna wari, ba su ko kula ta ba.

Karen farko bai yi haushi ba. Hazon ne kawai ya yi kauri a wuri ɗaya, ya yi kai, ya yi idanu. Kansa ya kai mata ƙugu, gashinsa ya yi dauɗa, a wuyansa ga abin wuya mai ƙusoshi saboda haƙoran kyarkeci. Ya tsaya yana dubanta, gurnani na fitowa daga ƙirjinsa ƙasa-ƙasa. Solange ta saki igiyar. Ta jawo keken gabanta, ta ja da baya a hankali, sai ta ji wani gurnanin ta gefen hagunta. Biyu ne, na farkon ya fi girma. Ta ci gaba da ja har bayanta ya bugi tarin duwatsun, ta manne a nan, duwatsu a baya, keke a gaba. Ta kai hannu ta cire tabarau, ya suɓuce ya faɗi, ba ta bi ta kansa ba.

Saura magana. Ta buɗe baki, abin da aka yi wa dariya a ranar farko shi ne ya zo mata, don kanta babu komai a ciki sai shi. A yanka albasa siriri-siriri, ta ce wa karen, idonta a kan ƙafafunsa. A narka man shanu. A zuba, wuta kaɗan, kada a yi gaggawa, a yi ta juyawa har ta yi ja. Muryar ba tata ba ce, wata siririya ce mai rawa. Babban ya matso. Ta zuba romo, ta sa gishiri, ta gasa burodi, ta barbaɗa cuku, miya ta ƙare kare bai tafi ba. Ta koma farko ta sake yanka albasa.

Can miyar ta ƙi ci gaba, ta rasa inda take. Karen ya zo har jikin keken, tana jin numfashinsa. Shiru kuwa ta san ba zai yi ba.

"Mijina ne ke tafe," ta ce masa. "Ba tumakinka yake so ba. Ba mugu ba ne, taurin kai ne kawai. Tsoro yake ji, shi ya sa yake faɗa, ni ma na sani. Ka bar ni in tsaya ya zo ya gan ni, shi ke nan, in ba ka wuri."

Karen ya zura kai ta tsakanin ƙarafan keken, ya ɗora hanci a gwiwarta, sanyi ƙalau. Ya shinshina, ya bi cinyar sama. Solange ta ji wani ɗumi yana gangara mata a ƙafa, ta gane fitsari ne ya kufce mata, ko kunya ba ta ji ba. Ta ci gaba da magana. Ta gaya masa yadda aka kira ta daga gidan burodi, da yadda ta tarar da Bastien a ƙasa an yage masa riga, da yadda tun ranar ba ta ƙara barin sa ya fita shi kaɗai hankalinta a kwance ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa wannan ba, sai ga ta tana zuba wa kare. Can ya janye kansa, ya koma baya kaɗan, ya zauna a tsakiyar mararrabar yana tsaron ta. Ɗayan ya tsaya ta wajen hanyar hagu. Ruwa ya fara sauka.

Ba ta san iya lokacin da ta yi a haka ba. Hannuwanta sun sandare a kan keken. Har ta fara wani sabon tsoro, ko zuciyar ce ta kayar da shi can sama babu kowa, sai ta ji ƙara. Siririya, daga sama, ta zo ta ɗauke. Birkinsa na baya ne, wanda ke kuka in ya jiƙe, wanda ya ƙi bari Gaël ya duba masa. Ƙarar ta sake zuwa, kusa fiye da yadda ya kamata. A guje yake.

Karnukan sun ji. Babban ya miƙe, gashin wuyansa ya tashi. Nan take Solange ta ga abin da ba ta lura da shi ba: inda ta manne, tarin duwatsun ya ɓoye ta daga mai saukowa daga sama. Bastien ba zai gan ta ba sai ya gota ta. Zai fito daga hazo, ya ga fararen karnuka, ya yi abin da kowane mai keke ke yi, ya ƙara wuta ya miƙe inda hanya ta miƙe. Ihu daga nan ba zai tsayar da shi ba, ko ya ji cewa zai yi ita ce da rainonta. Abin da zai tsayar da shi sai abin da ya tare hanya. Abu ɗaya ke gare ta da zai tare hanya, shi ne kuma kaɗai ke tsakaninta da haƙoran nan.

Ta ɗaga bayanta daga duwatsun. Ta tura keken ta fito fili, ta ratsa tsakanin karnukan biyu, bakinta na ta yanka albasa ba tare da ta sani ba. Gurnanin ya koma haushi, kunnuwanta suka toshe. Ta kai bakin hanyar hagu, ta kwantar da keken a gicciye, ta sake shi. Sannan ta juyo ta tsaya a bayansa, hannuwa a buɗe, babu abin da ke tsakaninta da karnukan. Wani baƙin abu ya ɓullo daga hazo a sama. Ta cika ƙirji ta ƙwala sunansa iya ƙarfinta.

Ƙaramin karen ne ya kama ta, ta baya, a ƙafar nan dai mai tabo. Ta ji haƙoran sun shiga ta cikin wando, ya riƙe. Ba ta motsa ba, ba ta sauke hannu ba. Bastien ya gan ta. Birki biyu suka yi kuka tare, tayar baya ta ja laka ta karkace, ta gaba ta daki kekenta, ya tashi ta kan keken ya faɗi a ciyawa ta gefen tudu. Babban karen ya yi kansa ya tsaya a bisansa yana haushi, yawu na zuba masa a hular kwano. Bastien ya yunƙura zai tashi, hannunsa na laluben dutse.

"Kada ka tashi," in ji Solange, haƙoranta a cije, murya ƙasa-ƙasa. "Saki dutsen nan. Cire tabarau. Yi masa magana."

Ya sake shi. Ya cire. Tunda take da shi ba ta taɓa ba shi umarni uku a jere ya bi ba tare da musu ba. Tana jin sa yana ce wa karen sannu, sannu babban mutum, yi haƙuri.

Wani fito mai kaifi ya tsaga hazon. Karen da ke riƙe da ita ya saki, babban ya ja baya. Makiyayiyar garken ce, wata dattijuwa gajera cikin rigar ruwa, da sanda da ƙaramin kare baƙi a ƙafarta, kuma tun kafin ta ƙaraso take faɗa. Masu keke, masu keke! Kullum sai sun faɗo mata cikin garke kamar an jefo su, in kare ya yi aikinsa a ce kare ne mugu. Ta durƙusa ta ɗage wandon Solange ta duba, ta ce riƙe ta kawai ya yi, da cizo ya yi niyya da ba a tsaye take ba, amma a wanke a nuna wa likita yau. Ta dubi jiƙaƙƙen wandon, ta dubi fuskar Solange, ba ta ce komai a kan wannan ba.

Bastien ya tashi yana ɗingishi. Da ya ga karnuka sun koma cikin tumaki, bakinsa ya dawo. Wace irin hauka ce mutum ya gitta keke a hanya? Saura kaɗan ta karya masa wuya. Ba ya ce kada ta tsaya ba? Hanyar nan ya san ta kamar tsakar gidansa, da ta bar shi da tuni ya wuce karnukan ya kai rafi. Solange dai ta zauna a laka.

Makiyayiyar ta saurare shi har ya gama. Sai ta kama hannun rigarsa kamar wanda za a kai makaranta, ta tsallaka keken Solange da shi, suka shiga hanyar hagu. Ba su yi nisan da hazo zai ɓoye su ba ta tsayar da shi. Solange na ganinsu dishi-dishi. Matar ta sunkuya ta ɗauki dutse cike da hannu, ta jefa gabansu a hankali, ba da ƙarfi ba. Suka tsaya suna saurare. Solange ma ta saurara. Sai da ta fid da rai sannan ƙarar ta taso daga can ƙasa, 'yar ƙarama.

Da ya dawo fuskarsa ta yi fari fat. Ya durƙusa a laka, ya buɗe jakarsa, ya wanke mata ciwon da ruwan gorarsa, ya naɗa bandeji. Ta riƙe masa bakin bandejin. Ya ga wandon, ya san ba ruwan sama ba ne kaɗai, ya cire rigarsa ta sama ya ɗaura mata a ƙugu. Makiyayiyar ta ɗaure igiyarta a jikin wani dutse tana mita, ta ce su tura kekunansu har su fita daga garken, kada ta ga ƙafar kowa a feda.

Suka tura har ƙararrawa ta yi nisa, sannan suka hau. Solange a gaba, a hankali, ƙafar na zogi duk sanda ta taka. Tana jin birkinsa a bayanta, kusa, bai yi ƙoƙarin wuce ta ba ko a inda hanya ta buɗe. Yanzu ne ma kukan ya zo mata, ta bar shi ya zuba, ruwan sama na wanke shi.

A mararraba ta gaba, cikin itatuwa, suka tarar da Joris. Yana nan tsaye inda doka ta ajiye shi, ya jiƙe sharkaf, leɓɓansa na rawa don sanyi, da ganinsu ya fara ba da haƙuri yana haɗa magana. Solange ta ɗaga masa hannu ta ce ya je ya gaya wa Odile suna tafe, kafin ta hawo nemansu. Ya yi hagu ya gangara.

Tsayuwa ta dawo kanta ke nan. Bastien na bayanta, kusan da in ta miƙa hannu za ta taɓa tayarsa. Ya ga inda Joris ya bi da idonsa, babu abin da zai ɓatar da shi. Ta tuna abin da ya ce a saman dutse, da motar gida. Duk da haka ta sauke ƙafa, ta tsaya, ta waiwayo.

Bastien ya tsaya shi ma. Ruwa na ɗiga daga hular kwanonsa, ƙirjinsa na hawa da sauka, bai ɓoye hakin ba. Ya dube ta. Sannan ya saki kan keken, ya ɗaga hannu sama sosai, ya bar shi a nan har sai da ta juya ta taka feda.